Kurakuran masu yawon ƙafa idan sun haɗu da baƙin beyar a Tafkin Tahoe

Tafkin Tahoe yana can kan tsaunukan Siyera Nebada a Amurka, a iyakar jihohin Kaliforniya da Nebada, kusan mita 1,900 sama da teku. Duk mai taka hanyoyin dajin da ya kewaye shi yana iya yin kiciɓis da baƙin beyar, kuma galibi ana rabuwa lafiya. Inda abu ya lalace, ka bincika, za ka tarar akwai hannun mutum.

Babban kuskuren yana wajen abinci. Mutane kan ɓoye burodi da nama, su bar man goge baki, sabulu, man shafawa da ledar biskit a cikin tanti. A hancin beyar duk abinci ne, musamman da kaka, lokacin da yake cin na fitar hankali don tara kitse kafin sanyi. A da ana rataye jaka a reshen bishiya, amma dabbobin yankin sun daɗe da gano kan wannan dabara. Shi ya sa tun 2022 aka wajabta wa mai kwana a dajin Desolation, yamma da tafkin, ya zo da mazubi mai tauri da murfi mai kulle. Sai dai mazubin ma ana ɓata amfaninsa: wani ya bar shi a buɗe yana girki, wani ya kwana da shi a gefen kai. Ka zuba duk abin da ke da ƙamshi har da shara, ka kulle, ka ajiye shi kamar mita 30 daga tantinka, a fili mai shimfiɗe. Kar ka sa shi a bakin ruwa ko gefen gangare, don beyar zai mirgina shi, ka wayi gari ba karin kumallo.

Mota ma ba rumbu ba ce. Beyar sun iya buɗe ƙofa, don haka a kulle, a ɗaga gilasai, a kwashe komai. Wanda ke ganin wannan tsanani ne ya tuna da macen beyar da aka kama a 2023, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya danganta ta da fasa gidaje fiye da 20 a kudancin tafkin. Jihar Kolorado aka kai ta, wurin killace dabbobi. Abincin mutane ne ya raba ta da daji.

Sai gudu. Beyar yana kai kilomita 50 a awa, ya kuma fi ka iya hawa bishiya, ga shi gudun ne ke sa ya biyo ka. Ka tsaya, ka ɗauki yara, ku haɗu wuri ɗaya, ka yi magana da ƙarfi, ka ja da baya a hankali kana kallonsa, ka bar masa hanyar ficewa. Tsayawarsa a kan ƙafa biyu yawanci leƙe ne da shinshina.

Wasu kuma sun ji ana cewa a kwanta kamar gawa. Wannan shawarar ta girizili ce, wani nau'in beyar mai launin ƙasa da ya fi baƙin girma, shi kuwa babu shi a dajin Kaliforniya tun shekarun 1920, sai dai a jikin tutar jihar. Da yawa daga cikin beyar na Tahoe, ko da yake baƙi ake ce musu, launin ƙasa gare su, abin da ke sa masu ziyara su ɗauka girizili ne. Idan har baƙin beyar ya kawo maka hari, wanda ba kasafai ake gani ba, ka rama da sanda, dutse, ko abin da hannunka ya kai, ka nufi fuska da hanci.

Kare a sake shi ma fitina ne: zai je ya tsokano, ya rugo wurinka da beyar a bayansa. A riƙe shi da igiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na masu hoto. A watan Oktoba kifi yana hawowa rafin Taylor, mai kwarara cikin tafkin, don yin ƙwai, beyar su zo kamu, sai ka ga mutum ya matsa da waya a hannu kamar ya ga ɗan rago. Idan dabbar ta daina abin da take yi tana kallonka, ko ta fara huci tana kaɗa haƙora, ka riga ka matso da yawa. Ka koma baya, balle in akwai 'ya'ya a kan bishiya.