Kurakuran da aka fi yi kan yadda oksijin ke kama ƙarfen katalis

Kuskure na farko a wurin ɗaliban kimiyyar sinadarai shi ne ɗaukar katalis, wato abin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da ya ƙare ba, kamar tabarma: sinadarai su zauna a kai, su haɗu, su tashi, ita kuwa tana nan yadda take. Ba haka abin yake ba. Oksijin yana zuwa ne ƙwayoyi biyu manne da juna. Idan ya sauka a kan filatinam mai zafi, ƙarfen ne ke raba su, kowace ƙwaya ta kama gurbinta, sannan ta haɗu da iskar kabon monoksaid mai guba su zama kabon dayoksaid. Gerhard Ertl na Jamus ya bi diddigin wannan, kuma irin aikinsa kan fuskar ƙarfe ne ya ba shi kyautar Nobel a 2007. Idan za ka zana, ka zana ƙwayoyin a rabe.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton oksijin a sama kawai yake tsayawa. Zafi da matsin iska na ƙaruwa, sai wasu ƙwayoyin su kutsa ƙarƙashin layin farko na ƙarfen, su buɗa tsakanin ƙwayoyinsa, su sauya yadda fuskar ke riƙe abin da ya sauka a kanta. Azurfar da ake amfani da ita a matsayin katalis wajen yin sinadarin etilin oksaid tana ɗaukar oksijin har cikin jikinta. Ƙarfen faladiyam kan rikiɗe ya zama oksaid, wato haɗin ƙarfe da oksijin. Ƙarfen ruteniyam kuwa, a shekarar 2000 aka nuna cewa siririn ɓawon oksaid da ke fitowa a kansa shi ke yin aikin. Saboda haka kada ka kira kowane oksaid tsatsa. Ka fara tambaya: a wane zafi, kuma da wane matsi?

Wasu kuma gani suke katalis ya riƙe oksijin da ƙarfi shi ne nagarta. Paul Sabatier na Faransa ya daɗe da warware wannan: in riƙon ya yi sako-sako, oksijin ba zai rabu ba, in ya yi tsanani, zai toshe guraben, aiki ya tsaya. Tsaka-tsaki ake nema.

Irin wannan yana faruwa a salansar motarka, cikin katalis mai tsabtace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Ba ya fara aiki sosai sai ya kai zafin digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selshiyas. Injin da ke ƙona mai barkatai ko yake shan baƙin mai yana lulluɓe guraben nan. A gyara injin, kada a bari bakanike ya fasa indomin ya zubar.