Babi na 6: Ƙauyen Saint-Véran da Karatun Lambobi

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu karanta labarin wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Faransa. A rubuce sunansa Saint-Véran, amma a baki "San-Beran" ake cewa, domin ba kowane harafin da Faransawa suka rubuta suke furtawa ba. Kada wannan ya dame ku. Ku faɗa sau uku, mu wuce.

Darasi na 1: Ina ƙauyen yake?

Ku buɗe taswira, ku ajiye ta yadda rubutun ba zai juye ba. Sama ita ce arewa, ƙasa kudu, hannun dama gabas, hagu yamma. Ku ɗora yatsa a kan Faransa, ku ja shi ƙasa ta hannun dama har ku iso iyakar Italiya. Nan tsaunukan Alps suke, nan kuma ƙauyen yake, a yankin Queyras, wanda ake furtawa "Keras".

Yanzu ku karanta wannan jimla a hankali:

Ƙauyen yana kan tudu mai tsayin mita 2,042.

Ku dakata. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kai. Kafin ku faɗi lamba, ku ɗora yatsa a kan kalmar da ta zo kafin ta. Kalma tukuna, lamba daga baya. Wace kalma ce a nan? Mita. Ke nan awo ake magana, ba shekara ba, ba kuɗi ba.

Wata baiwar Allah a ajina, mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta fi ni saurin lissafin canji, ta karanta wannan layi ta ɗago kai ta ce, "Malam, yaya za a yi ƙauye ya kasance a shekarar da ba ta zo ba?" Ba rashin basira ba ne. Idonta ne ya tsallake "mita" ya faɗa kan 2,042. Da ta mayar da yatsa baya, nan take ta gane. Ku ma haka za ku yi. Ku mayar da yatsa baya. Mita. Sannan dubu biyu da arba'in da biyu. Ku sake. Mita, sannan lamba.

Wannan mita ta tsayi ce, ba ta nisan tafiya ba. Daga saman ruwan teku ake fara awon a yi sama. Kano ba ta kai mita 500 ba. Jos, da muke kukan sanyinta, wajen mita 1,200 take. Kun duba kalmar kafin ku faɗi 500? Kafin 1,200 fa? Wanda bai duba ba ya koma, ba abin kunya ba ne. Saint-Véran yana cikin ƙauyuka mafiya tudu a duk Turai, har mutanensa ke masa kirari da inda zakara ke tsattsagar taurari. Dusar ƙanƙara kan rufe shi watanni da yawa. Idan ta narke, ruwan ya gangara kogin Guil, daga nan Durance, sai Rhône, sai tekun Bahar Rum.

Darasi na 2: Tarihi

A shekarar 1343 mutanen kwarurukan wannan yanki suka biya mai mulkinsu, Humbert II, kuɗin zinariya 12,000 domin ya bar su su zaɓi shugabanninsu, su raba haraji a tsakaninsu.

Lambobi biyu ne a jimlar. Yatsa a kan ta farko: "shekarar". A kan ta biyu: "kuɗin zinariya". Ɗaya lokaci ce, ɗaya kuɗi. Na san wasu sun riga sun ce shekara dubu goma sha biyu. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wannan gaggawa ce, kuma gaggawar nan ce za ta sa ku karanta takardar asibiti ku ɗauki kwanan wata a matsayin yawan ƙwayar magani. Ku koma farkon jimlar. 'Yancin da suka saya ya ɗore har juyin juya halin Faransa na shekarar 1789.

Gidajensu na dā, ƙasan dutse ne, saman kuwa gumagumai ne aka jera. A sama suke tara ingirici da hatsi. A ƙasa, idan hunturu ya shigo, mutum da saniyarsa ɗaki ɗaya suke kwana, ɗumin jikin dabba yana rage musu sanyi. Akwai gidan da aka gina a shekarar 1641, yanzu ya zama gidan tarihi. Saboda tsoron gobara suka raba ƙauyen unguwa-unguwa da fili a tsakani, kowace da wurin ɗibar ruwanta da tanderun gasa burodi.

Ga abin da ya sa na zaɓo muku wannan wuri. Manoma ne da makiyaya, amma sun yi suna wajen karatu. Idan ƙanƙara ta hana aiki sai su zauna su koya. Wasu mazan yankin sukan tafi ci-rani su koyar, su tsaya a kasuwa da gashin tsuntsu a hula: ɗaya, mai koyar da karatu, biyu, karatu da lissafi, uku, har da harshen Latin. Da hannu mai kanta irin naku suka riƙe alƙalami.

Darasi na 3: Abin da suke ci da shi

A dā, shanu, tumaki, cuku, dankalin turawa da wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi. Akwai kuma jan ƙarfe a dutsensu, wanda aka fara haƙa wajen shekara 4,000 da suka wuce. Ku lura: "shekara 4,000" yawan shekaru ne, "shekarar 1957" kuwa shekara guda ce. A watan Yuni na shekarar 1957 ambaliya ta yi ɓarna a yankin, ba a daɗe ba aka daina haƙar.

Mutanen ƙauyen sun kai wajen 800 a ƙarni na 19. Yau ba su kai 300 ba, matasa sun tafi birane. Waɗanda suka rage, baƙi ne abincinsu: masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, masu yawon tsauni, da masu sayen kayan sassaƙa.

Darasi na 4: Aiki

A shekarar 1974 aka gina gidan kallon taurari a saman ƙauyen, sama da mita 2,900.

Ku kwafe jimlar a littafinku. Ku ja layi ƙarƙashin kalmar da ta zo kafin kowace lamba. Ku zo da shi ranar Litinin, kowa da fensirinsa.