Yadda za ka ɗauki hoton abincin gida marar tarkace

Dafaffen ƙwai da yankan burodi, ko farar shinkafa da ɗan tumatir a gefe, sun fi wuyar ɗauka a hoto fiye da faranti cike da abubuwa kala-kala. Babu abin da zai janye idon mai kallo, don haka duk aibin haske sai ya fito fili. Shi ya sa ni da haske nake farawa, kafin ma in taɓa waya.

Ka jawo teburi kusa da taga, yadda hasken zai shigo ta gefe, hagu ko dama, ko ta ɗan bayan abincin. Kada ka tsaya tsakanin taga da abincin, domin inuwarka za ta faɗa kansa. Hasken da ke zuwa ta bayan mai ɗauka yana shafe abinci, ya fito ba tudu ba kwari. Hasken gefe shi ke fito da ƙwayar shinkafa ɗai-ɗai, da ƙyallin mai a saman miya, da ƙananan ramukan cikin burodi.

Sannan ka kashe fitilar ɗakin. Nan ne mafi yawan mutane suke sakaci. Ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa yana kusan 2700 a ma'aunin Kelvin, wanda ake auna launin haske da shi, hasken rana kuwa wajen 5500. In suka haɗu a kan faranti ɗaya, sai gefe guda ya yi rawaya, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyara wannan daga baya aiki ne mai cin rai. Filashin waya ma a kashe. Idan rana ta faɗo kai tsaye har inuwa ta yi baƙi ƙirin, sakaya taga da farin labule marar kauri. Idan ɗayan gefen ya yi duhu da yawa, tsayar da farar takarda ko farin kwali a can, ya mayar da haske kan abincin. Amma kar ka kore inuwar gaba ɗaya. Ita ke nuna cewa abin yana da kauri.

Faranti ya zama ƙarami, marar zane, marar sheƙi. Ƙaramin faranti yana sa abinci kaɗan ya yi kama da isasshe, marar sheƙi kuma ba ya mayar wa kyamara da farin tabo. A ƙarƙashinsa katako ko ƙyalle mai launi ɗaya ya wadatar. Cokali ɗaya, ko kofin ruwa, shi ke nan. Duk abin da ba za a ci ba, ba za a ci da shi ba, a ganina ba shi da gurbi a hoton. Ka bar fili a gefe, kar ka ji tsoronsa.

Na fi son a shirya komai da faranti babu komai a ciki: a daidaita wuri, a gwada haske, a goge gilashin kyamara (tururin girki da maiƙon yatsa suna dusashe shi, mutum bai sani ba). Sai an gama ne za a zuba abincin, domin ganye yana yaushi, miya tana yin fata, gwaiduwar ƙwai tana bushewa cikin 'yan mintuna. Goge bakin farantin da tsumma mai tsabta kafin ka danna.

Ta ina za a ɗauka? Abu mai faɗi, kamar soyayyen ƙwai ko kwanon miya, daga sama sak. Kunna layukan da ke raba allon waya gida tara; a iPhone kuma, in an kunna ma'aunin daidaito (Level) a saitin kyamara, alamar giciye biyu ke fitowa, idan suka hau juna to wayar ta daidaita. Abu mai tsayi, kamar burodin da aka jera ko kofi, sai a sauko daidai tsayinsa. Saura kuwa, karkatar digiri 45, wato yadda mai zaune yake ganin abincinsa.

Kada ka kai waya dab da farantin. Babbar kyamarar waya tana ɗaukar fili mai faɗi, in ta matso sai ta kumbura abin da ke kusa, da'irar faranti ta karkace. Ja baya, ka danna 2x, wato maɓallin da ke jawo hoto kusa ninki biyu. Taɓa allon a inda kake son ido ya fara sauka, sannan ka rage haske kaɗan, musamman ga farin abinci, don farin da ya ƙone a hoto ba ya dawowa. In tururi kake so ya fito, sai bayan abincin ya zama mai duhu, hasken kuma ya zo ta bayan abincin.

Wajen gyara, manhaja kamar Snapseed ta isa: miƙe hoton, daidaita farin faranti ya zama fari na gaske, haskaka inuwa kaɗan. Kar ka ƙara ƙarfin launi har tumatir ya koma kamar roba. Idan a Instagram za ka saka, yanke shi a tsaye, 4 bisa 5 (faɗi 4, tsayi 5), kuma tun wajen ɗauka ka bar sarari sama da ƙasa saboda yankan.