Kayan ƙari a motar sifot: wanne zaka biya, wanne zaka bar musu abinsu

In kana shirin kawo motar sifot Ankara ko Kumasi, ko Mustang ce ko Corvette ko Porsche ko wata ƴar BMW mai ƙofa biyu, kar kalmar ful ofshin ta ruɗe ka. Dillali zai ce maka Alhaji wannan ful ofshin ce komai da komai na ciki, kai kuma kaji daɗi ka ƙara kuɗi, alhali rabin kayan nan an yi su ne don mutumin da ke zaune a Jamus ko Kanada, mai titi sumul da ƙanƙara wata huɗu a shekara. Kai abinda ke gabanka daban ne, tudun rage gudu a kowace unguwa, ramuka bayan damina, zafi, ƙurar hunturu, da gota a bakin geti. Toh da waɗannan zaka auna kowane ƙari, sannan ka tambayi kanka in ya lalace waye zai gyara min shi a Abossey Okai ko Suame Magazin, manyan kasuwannin kayan mota na Ankara da Kumasi.

Na farko, kuma wallahi in kuɗin ƙari ɗaya kawai gareka nan zaka zuba shi, shine na'urar ɗaga gaban mota. Motocin nan a ƙasa suke sosai, leɓen bamba kusan yana shan titi. Akwai maɓalli da zaka danna gaban ya tashi kamar milimita 40, a Porsche 911 haka ne, a Corvette C8 ma kusan haka, kuma ta Corvette ɗin har tana haddace wurare da GPS har guda 1000, in ka nuna mata tudun layinku sau ɗaya gobe da kanta zata ɗaga in ta iso. Milimita 40 kamar ba komai ba ne a baki amma shine tsakanin ka haye lafiya da kaji ƙarar nan ƙurrr da ke sa gabanka ya faɗi. Duk wanda ya taɓa shiga lungunan Nima ko Mamobi ko Aboabo ya san tudun da mutanen unguwa suka zuba da kansu ba shi da ma'auni, wani kamar kabari, ga kuma gangaren shiga gidan mai da na gareji. Sai ka rage gudu sosai na'urar take aiki, ƙasa da kilomita 40 a awa, kuma ko da ita ɗin ka riƙa hawa tudun a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya. In motar ta hannu ce ka sa a danna maka ita sau uku huɗu kana kallo, ka leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, don yawanci da matsin mai take tashi.

Kishiyar wannan kuma itace ƙarin da ke sake sauke motar ƙasa. Porsche na da wani tsarin sifot da ke rage tsayin 911 da milimita 10, ana biyan kuɗi a kai. Kai ka biya kuɗi a ƙara maka matsala kenan, bar musu.

Sai rim. Nan ne samarinmu suka fi faɗawa, kowa na son inci 20 ko 21 don hoto ya fito. Ka duba lambar da ke jikin taya, in kaga 245/35 R20 to kaurin gefen tayar kashi 35 ne cikin ɗari na 245, kusan milimita 86 kenan. In 245/40 R19 ce kana da 98. Wannan robar ta gefe ita ke shanye duka in ka faɗa rami, in ta yi siriri rim ne zai sha, ya lanƙwashe ko ya tsage, tayar kuma ta yi ƙulu. Hanyar Ankara zuwa Kumasi kusan kilomita 250 ce, ka yi ta da dare da tayar 30 ko 35 ka gani, ramin da tireloli suka haƙa baya sallama. Saboda haka ka ɗauki mafi ƙanƙantar rim da kamfanin ya yarda a sa wa motar, matuƙar birkin ya shiga ciki. Kuma ka lura da yawansu tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ba zaka iya juya su gaba da baya ba, kuma yawanci babu safaya a but sai ƴar kwalbar gam da famfo. Kafin ka biya kuɗin motar ka ɗaga waya ka tambayi masu taya ko suna da wannan sayis ɗin a ƙasa, sabuwa, ba wadda ta shekara shida a kontena ba. Akwai kuma rim mai noti ɗaya a tsakiya irin na motocin tsere, yana da kyau ba ƙarya, amma na Porsche sai an ɗaure shi da ƙarfin Nm 600 da wani dogon sifana na musamman, mai facin bakin titi bai da shi, in tayarka ta sace a Nkawkaw ka kwana.

Shokozoba mai canza tauri ya cancanci kuɗinsa. A Mustang sunansa MagneRide, a Corvette Magnetic Ride Control, a Porsche PASM. Na Mustang da Corvette ɗin wani mai ne a ciki mai garin ƙarfe, lantarki na taɓa shi sai ya yi kauri ko ya saki nan take, toh a cikin gari ka sa shi laushi bayanka ya huta, in ka hau hanyar Aburi mai lanƙwasa ka taurara shi. Illarsa ɗaya, in ya mutu ba a cika gyara shi ba sai dai sabo, kuma sai an yi oda. Na dai fi son mota mai shi, amma in ta hannu ce a duba ko yana zubar da mai kafin a yi ciniki.

Yanzu birkin siramik, wanda a Porsche zaka gane shi da launin ɗorawa. Dubban daloli ake ƙarawa a kansa tun a kamfani, kuma amfaninsa na gaskiya a filin tsere yake, inda mutum ke taka birki daga gudu 250 sau da sau har ƙarfe ya yi ja. Mu ina zamu yi wannan? Motowe ɗin Tema gaba ɗayanta kilomita 19 ce, iyakar gudun da doka ta yarda 100. Eh baya baƙanta rim da ƙura kuma yana daɗewa, na yarda, amma tsakuwa ɗaya ta shiga ko yaron masta ya buga rim a gefen faifan wajen cire taya sai ya ɓantare, ba a walda shi ba a goge shi, sai sabo, kuma kuɗin saiti ɗaya zai saya maka ƙaramar mota. Birkin ƙarfe na motocin nan ya ishe ka har ya yi yawa.

Abinda mutane basu cika tambaya ba kuma shi ya fi dacewa da ƙasarmu shine ƙarin sanyaya inji. Yawanci ba a sayar da shi shi kaɗai, a cikin fakej yake zuwa. Z51 na Corvette yana kawo ƙarin sanyaya da manyan birki da salansa, Performance Package na Mustang GT yana kawo lagireto babba da birkin Brembo. Ka tuna motar nan zata tsaya a goslo na Circle ko Kaneshie ko Kejetia da rana tsaka, esi a kunne, iska bata shiga ta gaba, toh babban lagireto ba ado ba ne a nan. Sai dai fakej ɗin kan zo da shokozoba mai tauri da leɓen bamba mai tsawo, don haka in ka ɗauke shi ka haɗa da na'urar ɗagawa da shokozoba mai laushi in akwai, in ba haka ba ka gyara gaba ka ɓata baya.

Cikin mota, kujera mai hura iska eh, kujera mai ɗumi a'a, sitiyari mai ɗumi a'a, duk wani abu da aka rubuta masa fakej ɗin sanyi ka san ba da kai ake ba. Motocin da ke zuwa daga Kanada ma wasu da tayar ƙanƙara suke isowa, zaka ga zanen dutse da ƙanƙara a gefenta, robarta laushi gareta, a kwaltarmu mai zafi nan da nan take cinyewa, ka sa kuɗin canza ta cikin lissafi. Baƙar fata a kujera da rufin gilashi kuma ka ajiye mota a rana ka shiga masallacin Juma'a ka fito, zaka gane kurenka. Alcantara, wannan yadin mai laushi da ake naɗe sitiyari da shi, yana shan gumi da man shafawa ya daskare ya yi ƙyalli, fata zalla ta fi sauƙin gogewa. Kujerar tsere mai zurfi wadda bata kwanciya, in kai mai babbar riga ne ranar sallah ko kana da ɗan tumbi, gwada shiga da fita tukuna kafin ka yi sha'awa.

Kamarar baya da ta gaba da ƙararrawar fakin ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba, motocin nan ba a ganin baya da kyau kuma gotocinmu a buɗe suke. Fitila mai kyau ma haka, don hanyoyi da yawa ba haske da dare. Taswirar da ke cikin sikirin ta Amurka ce ko Turai bata san Madina ba, rediyon satilayit na SiriusXM baya kamawa a nan, abinda kake buƙata Apple CarPlay ko Android Auto ne kawai ka jona wayarka.

Mai buɗaɗɗen sama fa? Ra'ayina ne, wani zai ƙi, amma ni bana ba da shawara. Da rana zafi ba zai barka ka buɗe ba, da hunturu ƙura, da damina ruwan Ankara ka san shi, kuma magudanan rufin in ƙura ta toshe su ruwa cikin mota yake komawa ya sauka kan kwamfutocin da ke ƙarƙashin kafet. In ranka ya biya sai ita shikenan, wanda ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa, amma ka tanadi rumfa kuma ka sa a riƙa busa magudanan kafin ruwan farko.

Salansa mai bawul, wanda zaka iya rufe shi ya yi shiru, wannan kam ka ɗauka ko don maƙwabta, Mustang har tana da tsarin tashi a hankali da zaka saita mata lokaci, ka fita sallar asuba ba tare da ka tada jariran layi ba. Sport Chrono na Porsche, fakej ɗin tsarin tuƙin tsere, da agogonsa a kan dashbod ba dole ba ne, sai dai masu saye na nemansa in ka tashi sayarwa. Adon kabon, bel mai launi, tambari a kan kujera, waɗannan kuɗi ne da ba zai dawo ba. Gara ka kai kuɗin wajen ledar kariya wadda ake ganin fenti ta cikinta da ake mannawa a bamba da bonet saboda tsakuwar da tifa ke watsawa.

Maganar ƙarin ƙarfin inji ko a taɓa kwamfuta a ƙara doki, ka tuna da man da zaka sha. Lambar ingancin fetur 91 ko 93 da ake rubutawa a Amurka ba irin tamu ba ce, ita ce kusan 95 zuwa 98 a ma'aunin RON da muke gani a gidajen mai. Toh yawancin motocin nan a yadda suka fito ma 95 suke so ko sama, ka ƙara wa motar matsi kuma ka je ƙauye babu sai na kowa da kowa, inji zai fara ƙwanƙwasa. Girman inji ma yana taɓa duti a Tema, ka sa ejan ɗinka ya lissafa maka kafin motar ta hau jirgi.

Tunda yawancinmu ta hannu muke kawowa daga gwanjon Amurka, ba kai zaka zaɓi ƙarin a kamfani ba, nema zaka yi cikin waɗanda aka riga aka yi. Kar ka yarda da bakin dillali ko hoto, ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasin mota mai harufa da lambobi 17, ka nemi takardar da aka manna a gilashi ranar da aka sayar da ita sabuwa, a nan aka jera duk ƙarin da farashinsa. A Corvette ka nemi E60, shine ɗaga gaba, da Z51. In motar ta taɓa bugu ta gaba ka ninka bincike, don na'urar ɗagawa da kamara da lagireto duk a hancin suke zaune, kuma masu gyaran gaggawa sukan rufe bamba su bar wayoyin a yanke. In ta iso ka kai ta wajen mai kwamfutar da ke karanta irin wannan motar, a danna kowane maɓalli a gabanka kafin ka cika sauran kuɗin.