Kafin ku zargi tawada, ku duba robar

'Yan'uwa masu tsohon injin gwajin bugu irin Vandercook na Amurka, in kun ga tawada na cike cikin haruffa kamar "a" da "e", kada ku yi saurin sauya tawada. Yawanci robar mai birgima da ke shafa ta a kan haruffa ce ta sauka ƙasa da yawa. Tsayin harafin dalma inci 0.918 ne, kuma so ake robar ta taɓa fuskarsa kawai, ba ta danne shi ba. Ku zura ma'aunin tsayin roba, wato ɗan ƙarfen nan mai kan da'ira daidai tsayin harafi, a ƙarƙashinta, hagu da dama, ku ga layin tawadar da ya fito a kansa. In faɗinsa ya bambanta, ku daidaita sukurorin gefe sannu a hankali.

Wani abin da ke ruɗa mutane: wasu injinan an ƙera shimfiɗarsu, inda ake ajiye haruffa, an saukar da ita da inci 0.050 saboda kaurin tiren da ake ɗora haruffa a kai. In babu tire, sai an sa farantin ƙarfe a shimfiɗar ya cike giɓin, ba tula takarda a silindar da ke danna takarda a kan haruffa ba.

In kun tashi aiki, ku wanke robar, ku ɗaga ta. Wadda ta kwana a danne takan lotsa, sai dai a sa sabuwa.