Yadda na kai ga katin bashi mai babban rufi bayan makina ya zube

Shekarar da ciwon baya ya hana ni tuƙin tasi wata huɗu a unguwar Bronx ta birnin New York, biyan kati biyu ya wuce ni, makina na FICO, wato makin da bankuna ke dubawa su auna yadda mutum ke biyan bashi, ya faɗo ƙasa da 580. A Amurka makin daga 300 yake tashi zuwa 850, kuma wanda bai kai 580 ba, bankuna da wutsiyar ido suke kallonsa. In kana wannan hali kana neman kati mai rufin dala 5,000, wato iyakar abin da za ka iya kashewa da shi, ɗan'uwa, babu mai miƙa maka shi haka siddan. Da kuɗinka za ka fara sayen yarda.

Kafin komai, ciro tarihin bashinka. Kamfanoni uku ne ke riƙe da shi: Equifax, Experian da TransUnion, kuma kyauta ake samu a AnnualCreditReport.com. Ni na tarar da wani tsohon kuɗin waya da na riga na biya yana nan daram. Na rubuta ƙorafi, doka ta ba su kwana 30 su bincika, suka cire. Amma lattin da ka yi da gaske shekara 7 yake zama. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya wanke maka shi, ɗan damfara ne.

Sai katin jingina. Kai za ka ajiye kuɗi a banki, abin da ka ajiye shi ne rufin katin. Yawanci daga dala 200 ake farawa, kuma a nan mutanenmu ke kuskure, su ajiye 200 ɗin su tsaya. Cefanen mako guda ya cinye rabi, sai a ga kamar a wuya kake. Ni na jira kwasar adashina, na zuba 2,000 gaba ɗaya. Dalili? Kashi 30 cikin 100 na makin yana kan yawan abin da ake binka, musamman in an gwada shi da rufin. Kada ka wuce kashi 30 na rufin. Ƙasa da 10 ya fi. Man mota kawai nake saya da shi, in biya kafin ranar rufe lissafin wata, domin abin da ya rage ranar shi banki ke aika wa kamfanonin nan uku.

Biya a kan lokaci shi ne kashi 35, don haka ka sa asusunka ya riƙa biya da kansa. Ka kuma biya duka. Wanda ya share bashin kafin wa'adi ba a ɗora masa ruwa, abin da ya kwantar min da hankali ke nan game da riba, ko da yake sai da na tambayi malaminmu tukuna.

Kada ka bi bankuna kana cike fom barkatai. Kowace nema tana barin tabo na shekara 2. Ka kuma guji katunan da ke zuwa akwatin wasiƙa da alkawarin amincewa nan take. Na taɓa karɓar ɗaya mai rufin 300, kafin in sayi ko ruwa sun zare 75 kuɗin shekara.

Bayan wata takwas aka mayar min da jinginata, katin ya zama na gama-gari. Na shiga manhajar bankin na sabunta kuɗin shigata, na jira wata shida, sannan na nemi ƙari. Suka kai shi 4,500.