Yanka gilashin injin Stirling ba tare da asara ba

'Yan uwa masu haɗa ƙaramin injin Stirling (injin da zafi daga waje ke motsawa) a gida, ga shawara kan yanka gilashinsa: in bututun gilashi siriri ne, kar ku yi ta goga shi kamar katako. Zane ɗaya tak ya isa.

Ku sami magagari mai kusurwa uku, ku ja layi gajere da ƙarfi a inda kuke so ya rabu. Ku ɗiga ruwa a kan zanen. Ku naɗe bututun da tsumma, manyan yatsu biyu a bayan zanen, sai ku ja hannuwa waje kuna ɗan lanƙwasawa. Ƙas! Ya rabu.

Dalili kuwa, gilashi daga wurin rauni yake tsagewa, ruwan kuma yana taimaka wa tsagar ta yi gudu.

Amma fa in kaurinsa ya kai na babban sirinjin gilashi, wannan dabara ba ta ci. Nan sai faifan daimon a ƙaramin injin irin Dremel, ruwa na ɗiga, kuna juya bututun a hankali. Ku manna salatif a zagaye ya zama muku jagora.

Dabarar naɗa wa gilashi zare, a ƙona zaren, a tsoma gilashin a ruwan sanyi? A kwalba tana yi, a gilashi irin Pyrex kuwa ɓata lokaci ne, don an yi shi ne ya jure zafi.

Bakin silinda, wato bututun da fistin ke kai da komo a ciki, kar ku gyara shi da wuta, zai tsuke fistin ya maƙale. Ku goge da jiƙaƙƙiyar sanfefa.

Tabarau na kare ido dole ne, don Allah.